Bisimillar Kaka da Injin Adjamé

Tarin baƙaƙe na fara gani da muka shiga shagon. Baƙaƙen boko ne na ƙarfe, sun zube ƙarƙashin wani dogon inji mai yanka ƙarfe da wuta, cikin toka da baƙin ruwa. Ga A a kife, ga rabin S, ga wata O da aka taka har ta lanƙwashe. Na tsaya ina haɗa su a raina ko zan gane sunan kantin da suka fito daga allonsa, sai Yaya ta ja hannun rigata ta ce in matso daga hanya, ana shigowa da falan ƙarfe, wato falle mai faɗi.

Shagon yana Adjamé, a birnin Abidjan, can bayan layin masu gyaran waya, inda kwata ba ta bushewa ko da rani. Mu kuwa daga unguwar Biafra muka taso, a Treichville, tun rana ba ta yi zafi ba. Yaya ce babbar 'yar gidanmu, tana koyon zanen gini a wata makarantar sana'a. Ni a lokacin ina aji biyu a kwaleji. Inna ce ta haɗa ni da ita, ta ce Adjamé ba wurin da mace ke shiga ita kaɗai da jaka ba ne. Ban san me zan iya yi wa ɓarawo ba, ni da ko gaisuwa sai na shirya ta a ciki kafin ta fito. Amma an ba ni aiki: ni ke riƙe takardar Kaka, cikin kwali biyu, a ƙirjina.

Kaka mahaifin Baba ne. Ya zo Abidjan daga ƙasar Tawa, a Nijar, tun ba a haifi Baba ba, kuma tun sannan yake karantar da yaran unguwa a zauren gidanmu, da yamma, in sun taso daga lakwal, makarantar boko. Idanunsa suka fara mutuwa a hankali. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, abin daga ciki yake, kuma ba ya komawa baya. Wata safiya bayan an ɗauke ruwa ya zauna a bakin ƙofa inda haske ya fi ƙarfi, ya ce in kawo masa farar takarda mai faɗi. Ya kusanto da fuskarsa har gemunsa na shafar ta, ya rubuta bisimilla, layi ɗaya, manya-manya, irin wadda yake fara rubuta wa kowane sabon ɗalibi a allo. Da ya gama ya goge alƙalamin karan a gefen tabarma, ya mayar da shi gafaka. Bai sake neman sa ba.

A saman ƙofar zauren akwai wata doguwar taga da aka toshe da katako tun da daɗewa, katakon duk ya ruɓe. Yaya ce ta kawo shawarar a cire shi, a sa falan ƙarfe da aka huda da rubutun Kaka. Tagar gabas take kallo. In rana ta fito, hasken zai biyo ta cikin baƙaƙen ya sauka bisa tabarmarsa, shi kuma har lokacin yana bambanta haske da duhu. Ke nan zai ƙara ganin rubutun hannunsa, in an yi sauri.

Kaka ya yi dariya ya ce, "Ke da injinanki. To in za ki yi, ki yi nawa. Kada ki kawo mini na ɗab'i, wannan ko a kasuwa sai in saya."

Yaya ta ɗauki hoton takardar, ta shigar da shi kwamfutar makarantarsu, ta sa manhajar zane ta bi gefen kowane harafi da layi. Ta zuba fayil ɗin a ɗan makullin nan na kwamfuta da muke kira kile, ta rataya shi a wuya cikin hijabi. A zatonmu za mu je mu dawo da ƙarfe kafin azahar.

Mai shagon wani ƙaƙƙarfan dattijo ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Kowa Tonton yake ce masa, mu ma muka bi. Kwamfutarsa tana kan wani teburi a lungu, ta yi baƙi da ƙurar ƙarfe, an rataya mata ɗan gicciye a kusurwa da zaren buhu. Ba ya jin Hausa, da Faransanci muke magana. Ya karɓi kile ya hura bakinsa kamar mai hura shayi, ya soka.

"Wa ya yi zanen?"

Yaya ta ce ita ce.

"To injiniya, zo ki ga ɗanki."

Ba kome a fuskar kwamfutar sai wani ɗan akwati mai jar alama. Tonton ya juya tsinken da ke bakinsa ya ce, "Kwamfutarku ta makaranta budurwa ce, tawa kuwa ta ga jikoki. Ba sa jin yaren juna. Ki koma ki fitar mini da shi a DXF, ki zaɓi mafi tsufan da kika gani a jerin. In akwai na zamanin kakanki, shi nake so."

Yaya ta ce ko za ta turo masa ta waya in ta gyara, don kada mu sake tahowa. Ya ɗaga tafin hannu. Wayar wani ta taɓa zuba masa cuta a kwamfuta, injin ya kwanta har aiki ya gudu, tun daga ranar ba abin da ke shiga cikinta sai ta kile. Kuma ba ya yanka sai mai kaya na tsaye ya ce eh da bakinsa, don ƙarfe in ya yanku ba ya komawa.

Manhajar da Yaya ke aiki da ita a makaranta kawai take, makarantar kuma ba ta buɗewa sai Litinin. Muka juyo.

A hanya ta yi mini bayani, ina ganin don ta huce ne. Ta ce zane a cikin manhajar da aka yi shi kamar mutum ne a ɗakinsa, ya san inda kome yake. In za a kai shi wata manhajar sai an fitar da shi, an ɗaure shi a irin ƙunshin da waccan ta sani, can kuma a shigar da shi a kwance. A kowace ƙofa akan bar wani abu a baya, kuma ba a faɗa maka me aka bari. Da ta maimaita wannan a gida, Baba, wanda albasa yake saukewa daga Nijar, ya ce, "Ashe ke ma shige da fice kike yi. Ki yi haƙuri, 'yata, kaya ba ya ƙetare iyaka da nauyin da ya taso da shi."

Ban iya tuna sau nawa muka je ba. Na fi tuna hanyar. Mu taka zuwa tashar jirgin ruwa ta Treichville, mu bi layi a cikin warin man inji da na lagun, tafkin da ya ratsa birnin, mu ƙetara zuwa Plateau, mu jira bas ɗin Adjamé a tsaye, in ya zo mu shiga a matse, kwalin Kaka na tokare mini haɓa. Wata rana woro-woro, tasin haɗaka, muke shiga ta kan gada, mu maƙale a cunkoso, direba na zagin kowa ta taga. Asabar ce kaɗai safiyar da nake da ita, ga wanki, ga aikin lakwal. Na koyi yin lissafi bisa gwiwa a cikin jirgi, in ɗaga biro duk lokacin da igiyar ruwa ta taso. Takalmina na roba ya tsinke a Adjamé, wani mai gyara ya liƙe shi da wuƙa mai zafi, wurin ya riƙa cin ɗan yatsana har ya yi kanta.

Zuwanmu na biyu fayil ɗin ya buɗe, amma ba mu ga kome ba. Tonton ya yi ta murza linzamin kwamfuta, can sai ga wani ɗigo kamar kashin ƙuda a tsakiya. Bisimillar ce gaba ɗaya. Wajen fitarwa an bar ma'aunin a baya, kwamfutar Yaya da santimita take magana, tasa ta ɗauka wani abu ne daban.

"Wannan na zobe ne ko na taga?" in ji shi. Ya tambayi faɗin tagar, ya buga lamba, rubutun ya cika fuskar kwamfutar. Na ji Yaya ta sauke numfashi.

Sai ya matso da hoton kusa. Gefen kowane harafi cike yake da ƙananan ɗigogi, jere kamar tururuwa a bakin kwanon sukari. Ya ce manhajar da ta bi hoton ta ɗauki kowane ɗan ƙurjin takarda ta mai da shi kwana, tsohon ƙunshin kuma ya kakkarya lanƙwasa zuwa guntaye. Injin zai tsaya a kowane ɗigo, ya yi ta in'ina, wuta ta cinye gefen. Wasu layukan ma ba su haɗe ba, kuma injin ba ya yanka abin da bai rufe ba.

"Amma kada ki yi kuka, injiniya, akwai magani."

Ya danna wani abu. Tururuwar ta watse. Baƙaƙen suka yi sumul, suka yi kyau, kamar na kalandar da ake rabawa da azumi. Ya dubi Yaya. Gumi ya jiƙa gefen hijabinta, ba ta ci kome ba tun safe.

Ta ce, "Ya yi."

Ni ina bayanta da kwali a ƙirji. Na san takardar nan kamar tafin hannuna, don a kowace tafiya nakan buɗe ta in duba ko gumina ya shiga. A wutsiyar mim ta ƙarshe akwai inda hannun Kaka ya yi rawa, alƙalamin ya tsaya, tawada ta taru kamar ƙwayar gero, sannan ya ja ya ƙarasa. Haƙoran sin ɗinsa ba su kai juna tsawo ba, na tsakiya ya fi gajarta, haka yake yin su a allon kowa. A fuskar kwamfutar duk babu waɗannan. Na buɗe baki, sai wani ya ta da injin niƙa ƙarfe a waje, na rufe.

Allah ya sa aka ɗauke wuta kafin a ɗora falan. Muka jira har la'asar bisa wani benci, muka sayi garba, dambun rogo da kifi, a bakin titi muka ci da hannu, wutar ba ta dawo ba. Tonton ya yi mana sannu irin tasu, ya ce, "Yako, 'yan mata. Sai wata Asabar."

A cikin jirgi na buɗe kwalin bisa cinyata. Na ɗora yatsa kusa da wutsiyar mim ɗin. Yaya ta duba, ta mayar da fuskarta wajen ruwa.

"Na gani," ta ce. "Kina tsammani ban gani ba? Ke ba kya gajiya ne?"

Ina gajiya. Amma na bar yatsan a wurin har muka iso tasha.

Daga Litinin ɗin nan, in na taso daga lakwal sai in wuce makarantarsu da kayan makarantata a jiki. Malaminsu ya bar mu mu zauna a kwamfutar da ke ƙarshen ɗaki. Yaya ta share abin da manhaja ta bi da kanta, ta fara bin baƙaƙen da hannu, ɗigo kaɗan, kowane a inda ya kamata. Ni ke riƙe takardar kusa da fuskar kwamfutar. In ta miƙar da wani wuri sai in ce, "Nan ya ɗan karkace." Ta ce, "Rawar hannu ce ko ƙurjin takarda?" In kusanto da ido in duba in faɗa mata. Wani lokaci mukan yi gardama a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sanyin na'urar ɗakin yana sa ni barci, sai ta taɓa ni da gwiwar hannu.

A gida kuwa hasken Kaka na ta raguwa. Da can yana gane ni daga shuɗin siket ɗin lakwal tun ina bakin ƙofa, ya ce, "Ga mai shiru ta dawo, a ɓoye mini goro kada ta sace." Yanzu sai na yi sallama yake juyowa, kuma ba daidai inda nake yake kallo ba. Kowace Asabar da yamma yakan tambaya, "Ƙarfen ya iso?" Daga baya ya daina tambaya, ya koma cewa, "Kun sha hanya. Ku je ku ci abinci."

Tun ina ƙarama aikina ne wanke allunan yara a zaure. Ba a wanke allo a bakin kwata. A cikin ƙwarya ake wankewa, ruwan kuma a kai shi gindin bishiyar lemon da ke lungun gida, inda ƙafa ba ta zuwa. Kaka, lokacin da yake gani, ba ya wuce takarda mai rubutun Larabci a ƙasa. Ko a tsakiyar titi ne zai duƙa ya ɗauka, ya karkaɗe ta, ya cusa a tsagar bango. Bangon zaurenmu cike yake da irin waɗannan, har da takardar kwalin dabino. In sun taru ya ƙone su da kansa, tokar ta bi ruwan alluna zuwa gindin lemo. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, na tashi na tarar ana yi.

Da muka koma da sabon zanen, ya buɗe daidai girmansa, layukan a rufe, rawar hannun tana nan. Tonton ya cire tsinken daga baki ya ce, "A'a, injiniya ta fara zama injiniya." Ya danna wani abu, duk inda wuta za ta cire ya koma baƙi. Sai ya kai ƙazamin farcensa kan mim ta farko.

"Wannan farin da ke cikin cikinta fa? An yanke kewayensa duka. Me zai riƙe shi, iska?"

Idon mim ne, da na sauran mim ɗin, da cikin ha ta sunan Allah. In an yanka haka za su faɗo tare da harafin, a bar rami kawai, ba a gane kome. Ya ce sai an bar wa kowane 'yar gada, siririn ƙarfe da zai ratsa harafin ya riƙe tsibirin. Ya nuna mana wani falan da ke jingine a bango, na wani mai shagon aski. Shi wannan baƙaƙen yake so, ba ramin ba, don haka an bar wa kowane harafi 'yan ƙananan maɗaurai kamar gashi, suna rataye a jikin falan ba su faɗi ba, sai an zo an ɓalle su da hannu.

"Zan iya sa miki gadojin yanzu," ya ce. "Nan, nan, da nan."

Yaya ta dubi inda linzamin ya tsaya, a tsakiyar sunan Allah. Ta ce ba za ta iya ratsa wannan da ra'ayinta ba, sai ta tambayi mai rubutun. Tonton ya ɗaga kafaɗa, ya zare kile ya miƙa mata.

"Ku Hausawa, ko ƙusa za ku buga sai an tambayi tsoho. Ku gaishe shi."

Muka hau bas. Wata mata ta ɗora mini buhun rogo a ƙafa, ban ce ta ɗauke ba.

Kaka ya saurari bayanin yana murza carbi. Yaya ta yi ta kewaye-kewaye da Hausarta da ke gudu zuwa Faransanci in magana ta yi wuya. Da ta gama ya ce, "Wato baƙin ƙarfen naku bai san inda alƙalami ke hutawa ba. Mai shiru, kawo hannunki."

Ya kama tafin hannuna ya rubuta mim da yatsa, a hankali. Yatsan ya taso daga ƙasa, ya kewaya, ya dawo kusa da inda ya fara, ya ɗan ɗaga kafin ya ja wutsiya.

"Kin ji nan? Nan ba a haɗe yake ba tun asali, tawada ce ke rufe shi. Ku sa gadarku a nan, ba ku yanke kome ba."

Haka ya bi da ni harafi harafi, yatsansa busasshe mai sanyi. Da ya gama bai saki hannun ba. Ya juya fuskarsa wajen tagar da ke saman ƙofa, inda Baba ya riga ya cire ruɓaɓɓen katakon, ya ce, "Da safe ina ganin wani fari-fari a can. Ba kamar watan jiya ba, amma yana nan."

Yaya ta sa gadojin a inda ya ce. Ta fitar da fayil ɗin, ta sake shigar da shi a wata kwamfutar ta daban don ta ga me ya faɗi a hanya, ta gyara, ta sake fitarwa. Ta yi kwafi uku a cikin kile, kowane da irin ƙunshinsa.

Asabar ɗin ƙarshe an kwana ana ruwa, Adjamé ta zama taɓo. Muka iso da ƙafafu jajaye. Akwai mutane a gabanmu, ga kuma wani mai gidan abinci da ya zo bayanmu, yana ta duba agogo yana tsaki. Da layi ya zo kanmu, Tonton ya soka kile bai ko hura shi ba. Fayil ɗin ya buɗe. Ya matso da shi, ya nisanta, ya bi kowane layi, ya dubi gadojin.

"Babu abin da zan ce," in ji shi. "Kuma ni ban saba rasa abin cewa ba."

Aka ɗora falan bisa haƙoran injin, jerin ƙarafan da ke tallafe shi. Ya sa kan injin ya bi hanyar yankan ba tare da wuta ba, don gwaji. Na tsaya ina kallon wannan ƙarfen yana tafiya daga dama zuwa hagu, ya hau haƙoran sin ya sauka, ya kewaya idon mim, har da 'yar rawar da ke wutsiya, ya yi ta kamar shi ma hannunsa ya tsufa. Yaya ta jingina da bango ta rufe ido. Leɓunanta sun bushe, akwai taɓo har gefen hijabinta.

Sai wani mutum ya shigo da shebur da buhu, ya bar kurarsa a ƙofa. Mai sayen tarkacen ƙarfe ne. Ya gaisa da Tonton, ya duƙa ƙarƙashin injin ya fara kwasa. Wata R ta maƙale, ya sa takalmi ya taka ta ya turo ta bakin shebur. Ya zuba a buhu tare da guntun sigari da ledar ruwa, ya tofar da yawu gefe, ya ci gaba.

Na dubi fuskar kwamfutar. Duk abin da ke baƙi a wurin, shi wuta za ta cire, kuma baƙin shi ne rubutun. Mu duka, har da Kaka, mun saba rubutu abu ne da ake ɗorawa a kan allo ko takarda. Mun yi makonni muna tsaron kowace lanƙwasa kada ta ɓace tsakanin kwamfuta da kwamfuta, ba wanda ya tambayi ina baƙaƙen kansu za su je in an huda su. Ramin ne za mu kai gida. Bisimillar, da sunan Allah a cikinta, da ɗigon ba da wutsiyar mim, za ta zube ta tsakanin haƙoran injin zuwa cikin baƙin ruwan nan, inda shebur ke jira.

Na san abin da magana za ta jawo. Sai an sake buɗe zanen, a bi kowane harafi da kowane ɗigo a sa masa maɗauri, a sake gwaji. Mai gidan abinci zai yi faɗa. Wuta na iya ɗaukewa kamar wancan karon, a ce sai wata Asabar, alhali fari-farin da Kaka ke gani ba jiran Asabar yake ba. Na dubi Yaya ko za ta buɗe ido ta gani da kanta, ba ta buɗe ba. Na tuna yatsan Kaka a tafin hannuna, na ga cewa ko ranar da hasken tagar ya ƙare masa, harafin ƙarfe abu ne da zai iya riƙewa ya shafa.

Tonton ya sauke tabarau mai duhu a fuskarsa, ya kai hannu kan maɓallin, ya ce da ƙarfi, "Mai kaya, in yanka?"

Ban shirya maganar a ciki ba kamar yadda na saba. Na matsa har cikina ya taɓa gefen injin, kwalin na ƙirjina. Muryata ta fito ƙarama, sai da ya ɗaga tabarau ya sunkuyo ya ce, "Me kika ce, 'yar ƙarama?"

Na nuna masa falan mai aski da ke jingine a bango, na ce, "Tonton, don Allah ka sa wa namu irin waɗancan maɗauran, kada ko ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa. In sun huce ni zan ɓalle su da hannuna, in ƙunshe a mayafina in kai wa kakana."